Mary Sumner, Matar da ta Tara Iyaye Mata

A ranar 9 ga watan Agusta kowace shekara ikilisiyar Angilika takan tuna da wata mata mai suna Mary Sumner. Ko waɗanda ba 'yan Angilika ba a cikinmu suna da abin ɗauka daga tarihinta, domin aikin da ta fara ɗan'uwan aikin Zumuntar Mata ne da muka sani a majami'unmu na Batsari da Safana.

An haife ta a ƙarshen shekarar 1828 kusa da birnin Mancesta a Ingila, a gidan masu hali. Mahaifinta ma'aikacin banki ne, ta yi karatu a gida, ta iya harsuna da waƙa. A 1848 ta auri George Sumner, ɗan wani bishop, kuma a 1851 aka ba mijin ikilisiyar wani ƙauye mai suna Old Alresford. Can suka zauna fiye da shekara 30, suka yi renon 'ya'ya uku.

A 1876 babbar 'yarta Margaret ta haihu. Ganin 'yar da jariri a hannu ya tuna wa Mary irin tsoron da ya kama ta lokacin nata haihuwar fari, sa'ad da ta ga an danƙa mata rai guda, ba kuwa wanda ya taɓa koya mata yadda za ta yi da shi. Ta lura ana koyon kowace sana'a, amma reno an bar kowace mace da dabararta. Sai ta kira matan ƙauyen zuwa gidan fasto, matan attajirai da matan 'yan ƙwadago tare. A Ingila ta wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama matar mai gona ba ta zama ɗaki ɗaya da matar mai yi mata noma. Mary ta ce nauyin uwa ɗaya ne, ko a gidan sama ko a bukka.

Da matan suka taru, tsoro ya hana ta magana. Mijinta ne ya tashi ya yi musu jawabi a madadinta. Ta roƙe su su dawo bayan mako guda, ranar kuwa ta yi ƙarfin hali ta jagoranci taron da kanta. Iyayenmu mata da kan ce ba su iya magana a gaban jama'a, su lura da wannan wuri.

Shekara tara aikin bai fita daga ƙauyen ba. Ana taruwa, ana addu'a, ana karanta Littafi Mai Tsarki, ana tattauna tarbiyyar yara, manya suna koya wa ƙanana kamar yadda aka umarta a Titus sura 2. Sai a 1885, a wani babban taron ikilisiya a garin Portsmouth, Bishop Ernest Wilberforce ya ga shi namiji ba shi da abin faɗa wa zauren da ya cika da mata, ya roƙi Mary ta yi magana. Daga nan Bishop na Winchester ya karɓi ƙungiyar ta zama ta dukan yankinsa, da sunan Mothers' Union, wato ƙungiyar iyaye mata. A 1892 membobi sun kai 60,000, a 1896 aka kafa majalisar ƙoli da Mary a matsayin shugaba ta fari. Ta rasu a watan Agusta 1921 tana da shekara 92, aka binne ta a harabar babbar majami'ar Winchester. Yau ƙungiyar tana da membobi wajen miliyan 4 a ƙasashe fiye da 80, kuma Afirka ce ke da kaso mai yawa, har da Nijeriya.

Akwai wani gefen tarihin da bai kamata a ɓoye ba. Saboda kishin kare aure, ƙungiyar ta rufe ƙofa ga matar da aurenta ya mutu, kuma dokar ta daɗe bayan rasuwar Mary, sai a farkon shekarun 1970 aka sauya ta. A ganina an makara. Matar da aka saka da yara huɗu ta fi kowa bukatar zama cikin 'yan'uwa mata, ita ce kuma aka bari a waje. Ya kamata shugabannin mata a ikilisiyoyinmu su duba ko akwai irin wannan ƙofa a wurinmu, ko da ba a rubuta ta a takarda ba. Mu tambayi kanmu ina matar da ta tuba tana da kishiya take zama a taro, da yarinyar da ta haihu a gidan iyayenta, da matar da ba ta da kuɗin anko.

Tambayar ta ƙara nauyi tun wajen 2019, da hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu suka tsananta a ƙauyukan Batsari da Safana. Gwauraye sun ƙaru, iyalai sun bar gonakinsu sun koma cikin gari ko Katsina, yara da yawa suna hannun kakanni. Matar da ta yi hijira ta rabu da uwarta da surukarta da maƙwabciyar da kan duba mata jinjiri in zazzaɓi ya tashi da dare. Buhun masara yana maganin yunwa, amma ba ya maye gurbin waɗannan mutane. Taron mata na mako-mako yana iyawa, in an kira baƙuwar da sunanta, an san inda take kwana, an haɗa ta da wata dattijuwa da za ta riƙa leƙa ta.

Ga majami'ar da taron matanta ya yi sanyi, ba sai an jira kuɗi ko gini ba. A sa rana ɗaya a mako wadda ba ta faɗa ranar kasuwa ba, a zauna a inuwar gidan fasto, a aika mata biyu su bi gidajen baƙi su gayyato su. Maza kuma su riƙe yara na awa ɗaya ko biyu domin matan su samu zuwa.