Inshorar Mota A Abuja: Mai Ganganci Da Mai Natsuwa Kuɗinsu Ɗaya

Duk direban da ya taɓa ɗauko shanu ko albasa daga Arewa zuwa Ikko ko Fatakwal ya san Zuba da Gwagwalada, ya kuma san ba a ratsa yankin Abuja ba tare da an tsaya nuna takardu ba. Tun ran 1 ga Fabrairu, 2025, da Sufeto Janar na 'Yan Sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da umurnin tsananta binciken inshora, takardar nan da a da ake ninkewa a cusa ƙarƙashin kujera ta shiga cikin abubuwan da ake fara tambaya.

Tilasta inshora ba sabon abu ba ne, tun 1945 Turawan mulki suka kafa dokarsa. Iri biyu ce. Akwai ƙarama, wadda ita ce dole, ita kuwa mutumin da ka buge ko ka lalata wa dukiya take biya, ba ruwanta da motarka. Akwai kuma babba, wadda ta haɗa da motarka kanta, ko haɗari ko gobara ko sata.

Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, wadda hedkwatarta ke Garki, ita ke yanka farashi. Daga 1 ga Janairu, 2023, ta ɗaga kuɗin ƙaramar inshora ta motar gida daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara, iyakar diyyar dukiya kuma daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babbar motar dakon kaya aka yanka mata N100,000, Keke Napep N5,000, babur N3,000.

To, mai karatu zai lura cewa mota aka yi wa kuɗi, ba direba ba. Dattijon da ya shekara talatin yana tuƙi bai taɓa taka ko kaza ba, da yaron da ya karɓi lasin jiya yana tsere a hanyar filin jirgin sama, muddin motarsu iri ɗaya ce, kuɗinsu ɗaya. A Ingila ba haka abin yake ba. Can sai an dubi shekarun mutum, da unguwarsu, da laifuffukan da ya yi a hanya, har ta kai wani saurayin kuɗin inshorarsa ya fi kuɗin tsohuwar motar da ya saya. A nan kuwa mai natsuwa shi ke ɗauke wa mai ganganci kaya, wannan ba adalci ba ne, ko da yake ya sa talaka na iya biya.

Inda mai ganganci ke jin jiki shi ne wajen babbar inshora. Umurnin nan na 2023 ya ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Ke nan motar Naira miliyan 10 ba za ta biya ƙasa da N500,000 ba. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kamfani na iya ɗorawa. Wanda ya yi haɗari ya karɓi diyya yakan rasa rangwamen da ake yi wa wanda ya shekara lafiya, kuma idan sabon direba ko matashi ne ke riƙe da sitiyari, sau da yawa akan ƙara kason gyaran da mai mota zai biya daga aljihunsa.

Akwai wani tarkon da ya fi kama mutanen Abuja. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu, 2023, ma'aikata da dama masu shigowa daga Nyanya da Mararaba da Kubwa da Lugbe sukan ɗebi fasinja don rage kuɗin mai. Alhali inshorar motar gida ba ta amince da kabu-kabu ba. Ranar da tsautsayi ya faɗa a gangaren Kugbo, kamfani na iya cewa ba haka aka yi da shi ba.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta taɓa gwada nata maganin. A watan Yuli, 2017, ta fara tura masu tsallake danja da masu waya a kan tuƙi a Abuja asibiti don a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsu. Amma wannan bai taɓa kuɗin ƙaramar inshorarsu ba ko da kwabo.

Mai tsada duka ita ce takardar jabu, irin wadda 'yan kamasho ke sayarwa da araha a bakin ofisoshin lasin. Wanda ya buge motar wani da ita a hannu, shi zai biya daga gumin goshinsa, ga kuma shari'a. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta NIA tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda ake sa lambar mota a waya a ga ko takardar ta gaskiya ce. Da shi masu bincike a hanya ke dubawa, saboda haka gara mutum ya duba tun yana tashar Mile 12 kafin ya kamo hanyar Lokoja.

Masu ƙyamar inshora saboda addini kuma akwai takaful, inda ake tara gudummawa a asusu ɗaya, abin da ya yi saura bayan biyan diyya a raba wa waɗanda ba su nemi komai ba. Jaiz Takaful a Abuja take, Noor Takaful kuwa a Ikko.