Ba saurin sadarwa ke tsare ran fasinja ba

Da yawa daga cikinmu, har da masu ilimin fasaha, sun ɗauka cewa sadarwar da ta fi sauri ita ce ta fi aminci, don haka duk inda rai ke cikin haɗari sai a kawo 5G a huta. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya sha fama da bidiyo yana tsinkewa a waya dole ya ɗauki sauri maganin komai. Sai dai sauri daban, cika alkawari daban.

A duba jiragen ƙasa na Turai. Har yau da GSM-R mafi yawansu ke aiki, wato reshen tsohuwar fasahar 2G da mai wayar zamani zai raina. A layukan da ke bin tsarin sarrafa zirga-zirgar jirage na ETCS mataki na 2, ta wannan rediyo cibiyar kula da zirga-zirga ke aika wa jirgi izini: ci gaba zuwa wuri kaza, kada ka wuce gudu kaza. Saƙon ɗan mitsitsi ne, ko nauyin hoto guda bai kai ba. Abin da ake nema a wurinsa kawai ya iso kan lokaci, kullum. Jirgin da ke gudun kilomita 300 a awa yana cin sama da mita 80 a daƙiƙa, saboda haka saƙo dubu da suka zo da wuri ba sa biyan bashin guda ɗaya da ya makara.

Shi ya sa aka keɓe wa jiragen zangonsu a wajen megahaz 900, inda ba sa turereniya da masu kallon ƙwallo, aka kuma ba kiran gaggawa ikon ture kowane kira daga layi. Abin da ya fi burge ni, tun farko injiniyoyin ba su saki jiki da rediyon ba. Akan saita na'urar jirgi ta taka birki da kanta idan ta daina jin cibiya fiye da lokacin da aka ƙayyade.

Ranar 8 ga Oktoba 2022 wasu suka datse igiyoyin wannan sadarwa a Herne da Berlin. Kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, Deutsche Bahn, ya tsayar da jirage a arewacin Jamus kusan awa uku. Fasinjoji suka sha jira, amma haka aka tsara abin ya kasance. Masu cewa igiya ta fi iska aminci su ma su lura, igiyar aka yanke.

Gaskiya ne 5G na tafe. Ƙungiyar jiragen ƙasa ta duniya, UIC, tana shirya magajin GSM-R mai suna FRMCS a kan 5G, kuma babban dalili shi ne kamfanoni na shirin daina ƙera kayan tsohon tsarin. Shi ma sabon ba a bar shi ya shiga layin jama'a ba: a 2021 Tarayyar Turai ta keɓe wa jiragen ƙasa ƙarin zango daga megahaz 1900 zuwa 1910.