Neman asalin iyali a Magarya da Dungas: daga ina ake farawa?

A ƙasar Amurka, mutum na iya zama gaban kwamfuta ya bi sunayen kakanninsa har zuriya shida ko bakwai. Dalili kuwa shi ne tun 1790 ake ƙidayar jama'a a can duk bayan shekara 10, kuma ana buɗe wa kowa takardun ƙidayar idan sun cika shekara 72. Amma ko a can hanyar ba ɗaya ba ce ga kowa. Baƙaƙen fata jikokin bayi sukan tsaya cik a ƙidayar 1870, domin kafin ita bayi ba su da suna a takarda, shekarunsu da jinsinsu kawai ake rubutawa ƙarƙashin sunan ubangidansu. Wannan giɓi ne ya kai marubuci Alex Haley ƙauyen Jufure na Gambiya neman bakin maroƙa, kafin ya fitar da littafinsa Roots a 1976.

A gundumomin Magarya da Dungas na jahar Damagaram, kusan kowane gida yana cikin irin wannan hali: takarda ba ta wuce kaka, wani lokacin ma ba ta kai uba ba. Alhali sanin asali a nan yana da nauyi. Da shi ake raba gonar gado, da shi ake shiga takarar sarauta, da shi kuma ake samun takardar ɗan ƙasa a yankin da iyakar Nijar da Najeriya ta ratsa tsakiyar dangi.

Gidaje biyu, tushe biyu

Mai neman asalinsa a wannan yanki sai ya fara da sanin tarihin ƙasar. Dungas da Waca, tare da Mirya, suna cikin tsofaffin masarautun da ake kira Tsotsebaki, waɗanda labarin baka ke danganta kafuwarsu da wani ɗan sarki daga Barno. Sarautar Magarya kuwa tushenta Daura. Wajen 1805 mayaƙan jihadi suka kori Sarkin Gwari Abdu daga birnin Daura, gidan sarautar ya watse zuwa arewa da gabas. Zuriyarsa ta zauna a garuruwa irin su Yekuwa da Yardaje, daga baya rassanta suka kafu a Zango da Ɓaure da Magarya. A ƙarni na 19 ɗin nan ne Damagaram ta yi ƙarfi, musamman zamanin Sarki Tanimun, ta shigar da waɗannan ƙasashe ƙarƙashin ikonta.

Sai Nasara suka zo. Faransawa sun kama Zinder a 1899, kuma tsakanin 1906 da 1908 tawagar haɗin gwiwar Faransa da Ingila ta kafa alamomin iyaka. Zango da Ɓaure suka faɗa hannun Ingila, Magarya da Yekuwa suka zauna hannun Faransa. Ke nan gida ɗaya ya koma ƙasa biyu, da harshen mulki biyu da rajista iri biyu. Dungas kanta tana ƙarƙashin Magarya har 2011, shekarar da ta zama gunduma mai cin gashin kanta, don haka tsofaffin takardun mutanen Dogo-Dogo, Guci da Malawa da sunan Magarya za a nemo su.

Abin da ke sa sawu ya ɓace

Matsala ta farko ita ce tsarin suna. Bahaushe ba ya da sunan iyali da ke bin zuriya. Mutum yana ɗaukar sunansa da na mahaifinsa, ɗansa kuma ya ɗauki nasa, sunan kaka ya fita. Cikin zuriya uku, babu abin da ya rage a katin shaida da zai nuna cewa mutum biyu ƴan gida ɗaya ne.

Ta biyu ita ce alkunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan miji, wanda aka sa wa sunan kaka kuma laƙabi ake ba shi. Da yawa sun rayu sun mutu ana kiransu Tanko, Mati ko Ɗan Ladi, sunan yanka kuwa tsofaffi ƙalilan suka san shi.

Ta uku rubutu ne. Wanda aka rubuta wa Issoufou a lakwal ɗin Magarya, ɗan'uwansa a Daura ko Ɓaɓura Yusuf ne. Laouali ya zama Lawal, Mahamane ya zama Mamman ko Muhammadu. Ga kuma sanannen «né vers» na takardun da, wato an haife shi wajen shekara kaza, shekarar da ma'aikaci ya ƙiyasta da ido.

Baki kafin takarda

Don haka bincike daga zaure yake farawa. Tsofaffin maza sun fi riƙe jerin ubanni da iyakokin gonaki. Tsofaffin mata su ne suka san wa ya auri wa, wace ce ta fito daga wane gari, wa aka ba riƙo, su wa suka sha nono ɗaya. Wanda ya tambayi maza kaɗai rabin bishiya zai samu.

Tsoho ba zai ba da shekara da lamba ba, amma zai ce an haifi wane zamanin sarki wane, ko shekarar yunwa kaza. Waɗannan su ne ma'auni. Yunwar Kakalaba ta faɗo a 1913 zuwa 1914. Wadda ake kira El Buhari ta 1984 ce, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. A ɓangaren Daura, Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007. Idan aka jera haihuwa da aure da ƙaura kusa da irin waɗannan ranaku, ƙiyasi yakan matso kusa da gaskiya.

Akwai wasu shaidun. Wanzamai sun san zanen fuskar kowane gida, ko da yake al'adar tana ja da baya. Maroƙa da makaɗan fada suna riƙe da jerin sarakuna a cikin kirari. A gidajen malamai kuma akan sami sunan wanda ya kwafi littafi da na mahaifinsa a shafin ƙarshe, wani lokacin har da ranakun haihuwa da rasuwa da aka rubuta a gefe da ajami.

Inda takardun suke

Ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen tarihin sarautun yankin shi ne wanda jami'in tafinta Landeroin ya tattara a cikin tawagar Tilho, aka buga a Faransa a 1911. André Salifou, wanda jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa yanzu, ya fitar da littafinsa kan Damagaram a 1971, M. G. Smith kuma ya fitar da nasa kan Daura, Zango da Ɓaure a 1978. Ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Yamai tana da rahotannin komandoji da na ƙidayar haraji, inda ake rubuta masu gida ƙauye ƙauye. Cibiyoyin IRSH da CELHTO, su ma a Yamai, suna adana rubuce-rubucen ajami da labaran baka. Na ɓangaren Najeriya suna Kaduna.

Sai dai a karanta su da hankali. Jerin sarakunan da Nasara suka rubuta daga bakin masu riƙe da mulki a lokacin suka ji shi, reshen da ya sha kaye a rikicin sarauta yakan ɓace ko a rage masa matsayi. A rajistar haraji kuma mutane sun riƙa ɓoye ƴaƴansu don gudun kuɗin kai da aikin tilas. Gwajin ƙwayar halitta da Amurkawa ke yi yana iya nuna yankin Afirka da mutum ya fito, amma ba zai ambaci ƙauye ko sunan kaka ba.

Abin da ke kan faifai

Dokar sarautar gargajiya ta 2015 ta bar takara ga wanda al'ada ta ba shi haƙƙin gado, saboda haka duk lokacin da kujerar kanto ta faɗi, salsala ce ake fara dubawa. A fagen gona, dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, kuma kwamitocin ƙasa da ake kira COFO suna ba da takardar shaida, amma da shaidar dattawa suke aiki kan wanda ya sari dajin da wanda aka ara wa. A yankin da jama'a suka yi yawa gonaki suka ƙanƙance, rasuwar tsoho ɗaya na iya mayar da aro ya zama gado, ko gado ya zama rigima.

Bincike yana kuma iya tono abin da gida ya rufe, musamman asalin bauta, domin Damagaram ta yi cinikin bayi a ƙarni na 19. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka a 2003, amma gorin asali bai mutu ba, yana hana aure har yau. Abin da aka gano na gida ne, ba makamin cin mutuncin wani ba.

Ga na baya kuwa hanya a buɗe take. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60 don bayyana haihuwa, wanda ya makara sai ya bi ta kotu. Wayar hannu kuma ta isa a naɗi muryar kaka tana jera sunayen iyayenta da garuruwan da suka zauna, a rubuta kowane suna da laƙabinsa, a raba wa dangi na nan da na ƙetaren iyaka. Zumunta a ƙafa take, kuma tsofaffin da suka ga zamanin Nasara da idonsu saura kaɗan.