Tattabarar dajin Turai: Tsuntsuwar da ta haɗa manoman Ingila faɗa da masu kare muhalli

A watan Afrilun 2019, hukumar kula da muhalli ta Ingila, Natural England, ta soke izinin bai-ɗaya da ya bai wa manoma damar harbin nau'o'in tsuntsaye 16. Cikin tsuntsayen da aka fi ce-ce-ku-ce a kansu har da tattabarar daji, wadda ta fi kowace tattabara girma a Birtaniya.

'Yar'uwar hasbiya ce, amma ta fi ta jiki. Tsawonta ya kai kimanin santimita 40, nauyinta kuwa kusan rabin kilo. Launinta toka-toka ne, ƙirjinta na da ɗan ja-ja, tana da farin tabo a kowane gefen wuya da farin layi a fukafukai, wanda ke fitowa fili idan ta tashi sama. Waɗanda ke zaune a arewaci da gabashin Turai kan yi ƙaura zuwa kudu idan hunturu ya kama, amma na Birtaniya ba sa barin gida.

Sheƙarta tsinkaye ne 'yan kaɗan da take jerawa a kan reshe. Takan saka fararen ƙwai biyu, uwa da uba su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci na kimanin kwana 17. Su biyun kuma ke ciyar da 'ya'yan da wani ruwa mai kauri kamar nono da suke fitarwa daga maƙogwaro.

Abincinta shi ne tushen rigimar. Tana cin hatsi da ganye da 'ya'yan itatuwa. A da, yunwar hunturu ce ke rage yawanta. Daga shekarun 1970 manoman Birtaniya suka faɗaɗa noman wani tsiro dangin kabeji da ake tatsar mai daga ƙwayarsa, wanda ke zama kore shar duk tsawon hunturu. Tattabarar ta sami abinci a lokacin da a da take mutuwa, yawanta ya ninka, har ta kai kimanin ma'aurata miliyan 5.

Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta kashe tsuntsayen daji sai da izini. Ƙungiyar Wild Justice, wadda mai gabatar da shirye-shiryen talabijin Chris Packham ke cikin waɗanda suka kafa ta, ta shigar da ƙara cewa hukuma na bayar da izinin ba tare da ta tabbatar an gwada wasu hanyoyin korar tsuntsayen ba. Hukumar ta janye izinin, manoma suka harzuƙa ganin damina ta kama, sai ma'aikatar muhalli ta karɓe ragamar ta fitar da sabon izini a watan Yuni.

Har yau ana harbin tattabarar, gonakin da suka yawaita ta kuma suna nan.