Tseren Taswira: Ire-irensa da Abin da Sunayensu Ke Nufi

A wannan makon, mu 'yan ƙungiyar jarida mun zo muku da bayani a kan wani wasa da ba a saba gani a filinmu ba. Sunansa oriyantiyarin, amma saboda nauyin sunan a baki sai muka raɗa masa "tseren taswira". Muna so mu roƙi malamin wasanni a gwada shi a gasar gidaje ta bana. Da muka zauna rubuta roƙon sai gardama ta kaure. Wani ya ce a daji ake yin sa, wata ta ce a cikin gari ne, wani kuma ya ce ai wasan ƙungiya ne. Ashe kowa yana da gaskiya, domin wasan iri-iri ne kuma kowane iri da sunansa. Idan ba mu san sunayen ba, za mu roƙi abin da ba za mu iya ba.

Yadda ake yin sa

Ana ba ɗan wasa taswira da kamfas, wato na'urar da allurarta ke nuna arewa. A kan taswirar akwai alama mai kusurwa uku, nan ne mafari. Akwai da'irori masu lamba, su ne tashoshin da zai nemo. Da'ira biyu, ɗaya cikin ɗaya, ita ce ƙarshe. A kowace tasha an kafa tuta mai launin fari da ruwan lemo, da abin da zai shaida cewa ka iso. Ba wanda zai nuna maka hanya, kai za ka zaɓa. Shi ya sa mai saurin gudu yakan sha kaye a hannun mai natsuwa.

Wasan ya samo asali ne daga horon sojoji a ƙasar Suwidin, a arewacin Turai. An yi gasar farko ta farar hula a Norwe a 1897. An kafa hukumar wasan ta duniya a 1961, aka yi gasar duniya ta farko a Finlan a 1966. Don mu rarrabe ire-irensa, mun yi wa kanmu tambayoyi uku.

Tambaya ta farko: da me ake tafiya?

Hukumar duniya ta amince da manyan rassa huɗu. Na ɗaya shi ne na ƙafa, kuma shi ya fi yawan 'yan wasa. Na biyu na keke ne, irin keken da ke jure duwatsu da gangare. Na uku ana yin sa da sandunan sulɓi a kan ƙanƙara. Na huɗu ba ruwansa da gudu. Ana bin hanya a natse, a hango tutoci da yawa a wuri ɗaya, sai a faɗi wadda ta yi daidai da da'irar da ke kan taswira. Wannan reshe ya burge mu, domin mai keken guragu da mai tafiya da ƙafa suna fafatawa a gasa ɗaya.

Tambaya ta biyu: wane irin ƙoƙari ake gwadawa?

A reshen ƙafa akwai sunaye uku da aka fi ji: sifirint, matsakaici da dogo. Da farko mun ɗauka yawan mita ne ya raba su, kamar yadda ake cewa tseren mita 100 ko mita 400. Ba haka ba ne. Ana tsara su ne bisa lokacin da ake so zakara ya ɗauka, domin kilomita ɗaya a kan titi ba daidai take da kilomita ɗaya a cikin ƙaya da tudu ba.

Sifirint ana yin sa a cikin gari ko lambun shaƙatawa ko harabar makaranta. Zakara yakan gama cikin minti 12 zuwa 15. Tutocin ba su da wuyar gani, wahalar ita ce yanke shawara cikin gaggawa: ta dama zan zagaye ginin nan ko ta hagu? Ma'aunin taswirarsa 1:4,000 ne, wato santimita ɗaya a takarda mita 40 ce a ƙasa.

Matsakaici a daji ake yin sa, kuma zakara yakan ɗauki minti 30 zuwa 35. A nan karatun taswira ake gwadawa. Tashoshin suna kusa da juna, cikin ƙananan duwatsu da ramuka masu kama da juna, ana ta sauya alƙibla. Ma'auninsa yawanci 1:10,000 ne, santimita ɗaya mita 100.

Dogo shi ma na daji ne, ana shafe kimanin awa ɗaya da rabi. Juriya yake gwadawa da iya zaɓen hanya: ka haye tudu kai tsaye, ko ka zagaye ta hanya mai nisa amma mai sauƙi? Ma'auninsa yawanci 1:15,000 ne. 'Yan aji biyu, ku lissafa mana santimita ɗaya mita nawa ce.

A dukkan ukun ba a sakin 'yan wasa lokaci guda. Ɗaya bayan ɗaya ake tashi, da tazarar minti ɗaya zuwa uku, don kada wani ya bi ƙeyar wani.

Sunayen ma sun taɓa sauyawa. A da, tseren mutum ɗaya iri guda ne a gasar duniya. A 1991 aka ƙara wani aka kira shi "gajere", tsohon kuma ake ce masa "kilasik", wato na asali. A 2001 sai sifirint ya shigo, kuma ya fi gajeren gajarta. Ta yaya za a ci gaba da kiran abu gajere alhali ga ƙaninsa? A 2003 aka maye gurbin gajere da matsakaici, kilasik kuma ya koma dogo.

Tambaya ta uku: kai kaɗai ko da 'yan'uwa, a jere ko yadda ka so?

Akwai tseren karɓa-karɓa, kamar namu na miƙa sanda, sai dai nan in ka iso abokinka ya ɗauki tasa taswirar ya tafi. A gasar duniya mutum uku ne a ƙungiya a daji. A cikin gari kuwa huɗu ne, mata biyu maza biyu, mace ce ke farawa kuma mace ce ke rufewa, an fara shi a 2014 a Italiya. Masu zagayen farko tare suke tashi, amma ana bambanta wasu tashoshinsu, don haka mai bin wani ido rufe zai faɗa tashar da ba tasa ba. A Finlan akwai gasar Jukola mai mutum bakwai a ƙungiya, wadda ake farawa da dare da fitila a goshi. Akwai kuma sifirint na sallama, wanda ya shiga gasar duniya a 2022 a Denmak, inda ake ta zubar da na baya har a kai zagayen ƙarshe.

Duk waɗannan, dole ka bi tashoshi a jere, 1, 2, 3. In ka tsallake ɗaya, an cire ka. Amma akwai tseren maki. A cikinsa kowace tasha tana da makinta, ana ba ka lokaci, ka je waɗanda kake so ta kowane jeri. In ka makara a rage maka maki.

Roƙonmu

Da muka auna, mun ga dogo da matsakaici ba namu ba ne, domin sai an shiga daji, kuma ba za a bar mu ba. Abin da muke roƙo shi ne tseren maki na minti 20 a cikin harabar makaranta, kowane gida ya kawo mutum biyu-biyu. Ba sai an sayi kaya ba. Malamin labarin ƙasa zai iya taimaka mana mu zana taswirar makaranta, da ajujuwa, da famfo, da bishiyoyin dalbejiya. Tutoci za mu yi su da kwali. A kowace tasha a rubuta wata kalma da ɗan wasa zai kwafo a katinsa.

Muna da 'yan'uwa da yawa da ba su taɓa samo wa gidansu maki ko ɗaya ba, saboda ba su da saurin gudu. A wannan wasan za su iya. Wanda ke goyon baya ya rubuta sunansa da ajinsa a takardar da ke ƙasan allon nan kafin ranar Juma'a, domin ranar za mu kai wa malamin wasanni.