Ajiyar Ɗalibi a Kwamfutar Jami'a da Hanyar Isa Gare Ta Daga Nima

Jami'o'i da yawa suna ware wa kowane ɗalibi da kowane malami wani yanki a cikin manyan kwamfutocinsu domin ya riƙa ajiye takardunsa na karatu da bincike, kuma ba a buɗe wannan yanki sai da sunan shiga da kalmar sirrin mai shi. Babbar kwamfutar da take riƙe da ajiyar ita ake kira uwar garke, saboda ita sauran kwamfutoci suke komawa gare ta neman abin da suke bukata, kuma akan tsare ta a ɗaki mai sanyi da wutar ko-ta-kwana, ana kwafe abin da ke cikinta lokaci-lokaci zuwa wani wuri dabam. Fayil ɗin da aka ajiye a can ba ya cikin na'urar da ke gaban ɗalibi, saboda haka lalacewarta ko sace ta ba ya taɓa shi.

Idan aka cire na'ura daga cikin zancen, wannan tsari ba baƙo ba ne ga mutanen zango, domin fataken da suka riƙa zuwa Salaga da Kumasi fataucin goro a wurin maigida suke sauka, shi yake ba su masauki, shi yake adana musu kaya har su tashi. Bambancin shi ne maigida ya san fuskar baƙonsa, ita kuwa uwar garke abu biyu kawai take dubawa: kalmar sirri, da kuma ƙofar da aka biyo aka zo. Wannan na biyun shi ne ya fi shafar ɗaliban unguwannin Nima da Maamobi na Akara. Jami'ar Gana da ke Legon, wadda aka kafa a 1948, ta daɗe da yi wa gidajen kwananta na asali yawa, irin su Akuafo da Volta da Commonwealth da Mensah Sarbah, kuma ɗan unguwar da gidan iyayensa yake cikin Akara yakan ga ya fi masa sauƙi ya shiga motar haya ta trotro da safe ya dawo da yamma. Irin wannan ɗalibi rabin aikinsa a wajen katangar jami'a yake yin sa.

A cikin harabar jami'a lamarin ba shi da wuya. Kwamfutocin ɗakin karatu da na ɗakunan gwaji duk a haɗe suke cikin abin da ake kira gajeren zangon sadarwa, wato igiyoyi da na'urorin da suka haɗa kwamfutocin wuri guda ba tare da sun bi ta intanet ba. Inda aka tanadi ma'ajiyar, da zarar ɗalibi ya shigar da sunansa sai ta bayyana kamar wani faifai na cikin kwamfutar, kuma a tsarin Windows an saba ba ta harafin H. Ƙa'idar da kwamfutocin suke bi wajen miƙa wa juna fayil a nan ita ce SMB. Ya kamata a rarrabe wannan da eduroam, tsarin da yake ba ɗan wata jami'a damar hawa wayafai na wata da sunan shigarsa na gida, wanda ƙungiyoyin sadarwar jami'o'i irin su GARNET ta Gana da WACREN mai hedikwata a Akara suke yaɗawa: shi intanet yake bayarwa, ba lallai ne ya buɗe ƙofar ajiya ba.

Daga gida kuwa, abin da ake fara cin karo da shi shi ne katangar tsaro, manhajar da take tantance duk saƙon da ya zo daga waje. Ƙofar da SMB take amfani da ita, mai lamba 445, kusan ko'ina a rufe take ga intanet, kuma da dalili, domin ta nan ne muguwar manhajar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila. Saboda haka jami'o'i sukan buɗe wasu hanyoyi. Ta farko ita ce VPN, manhajar da take haƙa wani rami na sirri tsakanin kwamfutar gida da ta jami'a, ta lulluɓe duk abin da ya bi ta ciki, har uwar garke ta ɗauki wanda yake zaune a Maamobi tamkar yana cikin haraba. Sai bayan an kunna ta ne ake rubuta adireshin ma'ajiyar a haɗa ta. Akwai kuma SFTP, wadda aikinta ɗora fayil da sauke shi kawai. Amma wadda ta fi dacewa da mai wayar hannu ita ce shiga ta burauza, kuma a wannan sahu manhajar Sakai take, wadda Jami'ar Gana ta dogara da ita lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020. A tsarin Sakai, ban da shafukan darussa, kowane mai rajista yana da sashe nasa na ajiye fayil.

Littattafan koyar da wannan fanni, waɗanda akasari a Turai da Amurka aka rubuta su, sukan ɗauka cewa intanet ɗin gida ba ya ƙarewa, alhali a zangon Akara data ce ake saya daga MTN ko Telecel ko AT, a kunna ta a waya a jona kwamfuta, kuma kowane megabayit da kuɗinsa. Lissafin a fili yake: fayil mai nauyin gigabayit 1 yana ɗaukar kusan daƙiƙa 80 a layin da ke gudun megabit 100 a daƙiƙa, amma a layin megabit 2 sai ya haura sa'a guda. Abin da ya fi cinye data a ɓoye shi ne daidaitawa ta atomatik, wato manhaja ta riƙa kwafe kowane canji tsakanin kwamfuta da ma'ajiya ba tare da ta tambaya ba, ta yadda ɗalibi zai wayi gari ya tarar hotuna da bidiyon lacca sun lashe kuɗin mako. Hikimar ita ce a bar babban kaya sai an je haraba, a gida kuma a sauke takardar da ake bukata kaɗai, a yi aiki a kanta, a mayar. Buɗe fayil kai tsaye daga ma'ajiya ta layi mai rauni kasada ce, musamman ga wanda ya san dumsor, ɗaukewar wutar da ta yi tsanani a 2015, domin yankewar sadarwa a daidai lokacin adanawa tana iya lalata fayil ɗin baki ɗaya.

Wurin da uwar garken take shi ma abin sani ne. Jami'o'i da dama sun koma ajiyar gajimare, wato hayar wuri a kwamfutocin kamfanoni irin su Google da Microsoft, waɗanda suke wasu ƙasashe. A ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya durƙushe a Gana na kwanaki. A irin wannan rana, abin da ke cikin uwar garken haraba yana nan ga wanda ya taka ya je, na gajimare kuwa sai an jira.

Sai batun kwamfutar da ba ta mutum ɗaya ba. A gidan haya mai yawan jama'a laftof guda takan zaga tsakanin wa da ƙane da ɗan maƙwabci, kuma kafe ɗin da ake zuwa buga takarda hannu da yawa ke taɓa na'urorinsa. Burauza tana tambaya ko ta riƙe kalmar sirri, kuma amsa mata da e a irin wannan wuri daidai yake da barin makulli a jikin ƙofa. Rufe shafi ma ba fita ba ne, sai an danna maɓallin fita. Kunya kan hana mutum ya ƙi ba aboki kalmar sirrinsa, amma duk abin da aka aikata da ita, da sunan mai ita za a rubuta shi, kuma sau da yawa kalmar ɗaya ce take buɗe imel da rajistar darussa da sakamakon jarrabawa.

Ma'ajiyar tana da iyaka, kuma aro ce. Google ma da ya daɗe yana ba makarantu wuri marar iyaka ya daina a watan Yulin 2022, ya koma ba kowace makaranta terabayit 100 ta raba wa mutanenta, abin da ya sa jami'o'i da yawa suka rage kason kowa. Asusun ɗalibi kuma a ɗaure yake da rajistarsa, akan rufe shi wani lokaci bayan kammala karatu, a daidai lokacin da hidimar ƙasa ta shekara guda ta ɗauke hankalinsa zuwa wani gari. Kundin digiri da bayanan binciken da zai bukata wajen neman aiki ko ƙarin karatu, kwashe su zuwa filash da wani asusu nasa na kansa aiki ne na zangon karatu na ƙarshe, tun wayafai na haraba yana hannunsa.