Waya na kai kuɗi, amma ciniki sai da takarda a Ƙonni

A Birnin Ƙonni mai saye yakan zo kasuwa da kuɗi iri biyu, sefa da naira, domin Illelar Sakkwato tana nan tsallaken iyaka. Yanzu an samu na uku, wanda ke cikin salula. Ana amfani da shi sosai, sai dai an ware masa aiki guda: aike.

Ɗan ci-rani a Abijan ko Agadas ya tura wa gida kuɗi ta Nita, Amana ko Airtel Money, kafin la'asar sun iso wani ƙauye a gundumar Illela ta Nijar. Da saƙon ya shigo, tsohuwa za ta aiki jika wurin wakili ya ciro su kaf. Dillalin albasar Galmi, a gundumar Malbaza, shi ma yakan karɓi kuɗin lodi daga nesa ta wannan hanya, amma manomi da ɗan dako sai an ƙirga musu jikkuna a hannu. Suna da hujja. Akwai kuɗin cirewa, reso na ɗaukewa, kuma wanda bai iya karatu ba dole ya miƙa lambar sirrinsa ga wani, abin da ba kowa ke yarda da shi ba.

Shekarar 2023 ta ƙara wa mutanen iyaka wayo. A farkonta canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, 'yan kasuwar Najeriya suka koma "taransifa" da POS, mai hatsi ya riƙa tsare buhunsa har sai "alat" ya shigo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli kuma, takunkumin CEDEAO ya rufe iyaka, cirar kuɗi a bankunan Nijar ta zama wahala. Wanda ya kwana a layi bai manta ba.

Amfanin kuɗin waya kuwa tabbatacce ne. A 2010, lokacin fari, ƙungiyar Concern ta raba tallafi ta tsarin kuɗin waya na Zap a ƙauyukan jihar Tawa, bincike ya nuna matan da suka karɓa ta waya sun rage tafiya da jira, abincin gidajensu ya ƙaru da iri-iri.

Abin da ya rage wa kamfanoni shi ne mai tebur da mahauci. Muddin ba sa karɓar biya ta waya, uwar gida sai ta ciro kuɗinta kafin ta yi cefane.